Kawu Barmo da Ƙullin Hagu

Ku da kunka tarar da Kawu Barmo da ransa, ku matso kusa, in na ƙara gishiri ku tsayar da ni. Ku kuma da ba ku tarar da shi ba, ku buɗe kunne, don da igiyar mutumin nan ta tsinke, da babu ko ɗayanku a tsakar gidan nan yau.

Mutum ne da bai taɓa fara tambayar kowa sunansa ba. In ka yi masa sallama sai ya amsa, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Ƙasa?" Ka faɗa. Ya ɗaga na biyu, "Gari?" Ya ɗaga na uku, "Gida?" Sai a yatsa na huɗu zai yarda ya ji ko kai wane ne. Uwata, ƙanwarsa da sunka sha nono ɗaya, ita ma ba ta tsira ba. Ta taso tun daga Maiyama a ƙasa, ta iso Jega rana tsaka, ƙafafu sun yi buɗu-buɗu, ta yi masa sallama. Ya amsa, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Ƙasa?"

Ta ce, "Wadda za ta cinye ka."

Ya ce, "Wannan ta kowa ce. Gari?"

Sana'arsa ƙulli. A zangon fatake na Jega yake zama, gindin wata tsamiya, da damin igiyar kaba a gefensa. A zamanin nan Nasara bai daɗe da shigowa ba. Ayari na zuwa Gwanja ɗauko goro, wani na gangarawa Nufe da Ilori, wani na hawa ƙasar Faransi, kuma kowane ayari da saƙon mutane a cikinsa. Wagga ta ba da daddawa a kai wa ɗanta, wancan ya ba da riga a kai wa surukinsa. Madugu ba ya karatu, masu jakai ba sa karatu, ga shi masu suna Audu sun fi ɗari tsakanin nan da bakin teku. To, Kawu ne ya fito da dabarar igiya. Kusa da kan igiya sai ya yi ƙullin ƙasar da kaya za su, ya bar tazarar yatsa uku ya yi na gari, sai na gida, sai na mutum. Kowace ƙasa da yawan ƙullinta, kowane gari da nasa. A can ƙarshe kuma akwai wanda yake kira ƙullin shaida. Za a ƙirga duk ƙullin da ke gabansa, in sun tashi bibbiyu cif a yi ɗaya, in ɗaya ya yi saura a yi biyu. Ta haka in wani ya warware a hanya, ko mai dogon hannu ya ƙara nasa, igiya da kanta za ta tona. Kuma dole ta dama za a murɗa shi. Ku riƙe wannan, ta dama. Ya koya wa mutum guda a kowane babban zango har Gwanja, ya rantsar da kowannensu ba zai sake tsarin ba ko da uwarsa ce ta roƙe shi.

Bai taɓa sa wa igiya wuƙa ba. Warwarewa yake, ya jiƙa ta, ya miƙar, ya adana. Akwai wata da ta je Gwanja sau bakwai ta dawo, Madugu yake kiranta, kuma ba a ƙetare ta. Komai nasa da igiya: akuyarsa, butarsa, takalminsa kowace ƙafa da tata, wai ba a san ranar da za su rabu ba. Shi kansa akwai ɗaya a wuyan hannunsa, ya ce in ya ɓace a san inda za a mayar da shi.

Ran nan matarsa, Inna Ige, ta rasa igiyar shanya, ta ɗauko Madugu ta ɗaura, ta shanya zane a kanta. Kawu ya yi ta faɗa tun safe har hantsi. Ita kuwa ta ce ta gaji da zama da mutumin da ya fi ganin girman kaba da na mutane, gidansu za ta, Gumbin Kure. Bai hana ta ba. Shi ya tara mata tukwane da ƙore da tabarma, ya ɗaure su tsaf, ya ƙulla igiya, ya kira mai jaki ya sallame shi. Ta yi gaba tare da wasu mata 'yan kasuwa, tana tafe tana ba su labarin halinsa. Mai jaki ya fita bayan gari, ya tsaya shayar da jaki, ya shafa igiya don ya tabbatar: ƙasar Hausa, Jega, gidan Barmo, Ige. Ya ƙirga shaida, ta cika. Sai ya juyo da jakinsa. Inna Ige ta kwana biyu a Gumbin Kure da zane ɗaya, a rana ta uku ta biyo tukwanenta. Da ta tsare shi, cewa ya yi shi bai san ƙullin wani gida nata ba sai wanga. Ta ce ƙarya yake, shi da ya san ƙullin gidan kowa har Gwanja. Ya ce na kowa ya sani, nata ne ya manta. Ta shiga ta ɗora miya, ta cika ta da barkono, ya sha yana hawaye yana yabawa.

To, yanzu ga kakanku. Ni ba zan kama sunansa ba, kun san wannan, amma Bahago Kawu yake ce masa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Mutumin Aliero ne, mai jakai biyar, yana bin ayari. Cikin duk waɗanda Kawu ya koya wa igiya babu mai kaifin kansa. Ba ya ɓata gari, ba ya ɓata gida, ba ya kuskure ƙirga. Amma in ya zo ƙullin shaida sai hannunsa ya murɗa ta hagu. Ƙato ne da gemunsa, Kawu na tsula masa kaba a yatsu gaban jama'a, yana cewa dama, dama, hannun da kake cin tuwo, shi kuwa yana amsawa da shi da hagun yake ci in ba kowa. Da ya zo neman aurena, Kawu ya ce ba zai ba da 'yar ƙanwarsa ba sai ya ga ƙulli ɗaya na kirki. Ya yi bakwai, duk hagu. Sai da uwata ta ce ɗiyar tata ce ba ta kaba ba, sannan anka ɗaura.

Wata goma sha huɗu munka yi tare a Aliero, sai ya bi ayarin Gwanja. Ya ce kafin ruwa ya sauka yana gida. Ruwa ya sauka ya ɗauke. Ayari ya dawo babu shi. Wasu sunka ce sun baro shi kwance a wani zango, wasu sunka ce sun ga kamarsa a kasuwa, wasu sunka sunkuyar da kai. Damina ta biyu ta wuce. Bayan an kai hatsi rumbu uwata ta zo ta kwashe ni da kayana zuwa Maiyama, ta ce ba za ta bar ni ina gadin ɗakin wofi ba. Da damina ta uku ta kama, sai ta riƙe hannuna har gaban alƙalin Jega. Alƙali ya saurara, ya ce a jira tsayuwar watan Layya. In har lokacin ba a sami abin da ya nuna mutumin yana da rai ba, zai raba auren. Ni ba na so. Amma mi zan riƙe in nuna? Na je wurin Kawu ina kuka, ya bar ni na faɗi ƙasa da gari da gida cikin shessheƙa, sannan ya ce shi dai igiyar mutuwa ba ta zo masa ba. Iyakar lallashinsa kenan.

A 'yan shekarun nan ne wani kamfanin Nasara ya buɗe kanti a bakin gulbi, ana sayen fata da auduga, ana kuma karɓar saƙon mutane a sa a jirgin ruwa. Mai kula da wurin wani akawu ne mutumin Ikko, mai tsaga a gashi, mai takalmi mai ƙara. Shi da tawada yake rubuta lamba a jikin buhu. Mutane sunka fara raguwa a gindin tsamiya, don jirgi ya fi jaki sauri. Kawu ya sa babbar rigarsa ya tafi gani da ido. Akawu ya karɓe shi da fara'a, ya nuna masa: wannan rubutu na farko ƙasa ne, na biye kantin garin da kaya za su sauka, na ƙarshe mai kaya. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce ashe Nasara ya daɗe yana leƙen zango. Sannan ya tambaya ina shaida. Akawu ya ce babu, akawu ba ya kuskure. Ya tambaya, in kaya sunka shiga ƙasar Faransi fa? Akawu ya ce su can da tasu lambar, sai su soke tamu su rubuta tasu. Gwanja fa, inda Nasaranku ɗaya ne? Akawu ya ɗan sosa ƙeya, ya ce su ma littafinsu daban.

Kawu ya ce, "Lambar taka amarya ce kenan. Duk gidan da ta shiga sai an sake mata suna."

Daga nan ya karkata butarsa a kan buhun, kamar mai alwala. Lamba ta narke ta gangaro baƙa ƙirin. Ya tambayi akawu yanzu buhun na wane ne. Akawu ya kore shi da harshen da ba wanda ya ji ma'anarsa, amma kowa ya gane. Kafin Kawu ya bar wurin sai da ya ƙulla igiya a ƙyauren kantin, ya ce wa masu kallo in kantin ya ɓace a mayar da shi Ikko.

Saura kwana tara wata ya tsaya, sai ga akawu da kansa a gindin tsamiya, hula a hannu, ɗan dako na biye da shi da wani ƙunshi. Kawu bai rage masa ko yatsa ɗaya ba. Sai da bawan Allah ya faɗi ƙasarsu da garinsu da gidan ubansa, mahauta da masu jakai na tsaye suna dariya, sannan anka ji abin da ke tafe da shi. Ƙunshin ya yi wata biyu a kanti. Lamba uku ce a jikinsa, kowace ƙasa ta rubuta tata bisa ta 'yar'uwarta, kuma ruwan gulbi ya cinye su duka. Da za a mayar da shi sai anka ga igiyar kaba a ƙarƙashin buhun da anka naɗe shi.

Waɗanda ke wurin sun ce Kawu rufe ido ya yi, ya bi igiyar da yatsa tun daga kai. Da ya zo ƙarshe ya shafa ƙullin shaida, ya ji ta hagu anka murɗa shi. Sai ya ɓarke da zagi. Ya ce jakin nan, shekara nawa yana faɗa masa dama. Ya zagi hannun, ya zagi wanda ya haifi hannun, yana zagi gemunsa na jiƙewa. Da wani mahauci ya ce Barmo kuka kake, ya ce hayaƙin tsirensa ne, ya matsa da tukubarsa.

Aika ya yi Maiyama. Ni da uwata ba mu tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba. Munka iso, munka faɗi ƙasa da gari da gida, ya nuna mini ƙunshin ya ce nawa ne, daga Gwanja. Na miƙa hannu. Ya janye. Ya ce doka ce tun ran da ya fara sana'a, igiyar da anka murɗa shaidarta ta hagu ba a ba da kayanta sai wanda ya ƙulla ya zo ya gyara. Uwata ta ce masa abubuwan da ba zan maimaita ba gaban yara. Ta tuna masa har da fitsarin kwance da ya yi yana ɗan shekara tara. Ya ce duk gaskiya ne, amma ƙulli na hagu ne. Sai ya ɗora ƙunshin a kansa, tsoho da shi, ya yi gaba, mu na biye, har zauren alƙali.

Alƙali ya tambaye shi yadda ya san mijina ne ya ƙulla. Kawu ya ce mutum arba'in ya koya wa igiya, talatin da tara sun shiryu. Alƙali ya ce wani ma zai iya murɗawa ta hagu da gangan.

Kawu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mai yi da gangan hannunsa na rawa. Wanga kuwa da zuciya ɗaya anka yi shi. Wauta irin wagga ba ta da ta biyu."

Alƙali ya ja rawani ya rufe baki. Da dariya ta sake shi sai ya kawo wata tambaya. Ya ce ko da shi ne, wa ya sani ko tun shekara uku ya ƙulla, kayan sunka yi ta yawo bayan ransa? Kawu ya miƙa masa igiyar, ya kama yatsansa ya ɗora a ƙulli na biyu. Ya ce wannan Maiyama ne, ba Aliero ba. Na uku gidan ƙanwarsa ne. Ran da mutumin ya tafi, matarsa tana Aliero. Bara bayan kaka anka ɗauke ta, kuma ayarin da zai iya kai labarin Gwanja bayan nan ya tashi. Ya ce shi bai taɓa jin matacce ya san wanda ya sake gida ba.

Alƙali ya ce aure na nan daram. Uwata ta juya baya tana fyace hanci, wai ƙura ce. Sannan alƙali ya ce wa Kawu to ya ba yarinya kayanta.

Kawu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, aure naka ne, igiya tawa ce."

Alƙali ya ce shi dai duk littattafansa babu babin igiya, mu je mu sasanta.

Wata takwas ƙunshin nan ya yi rataye a azarar ɗakin Kawu. Duk wata sai in taso daga Maiyama in zo in gan shi. Inna Ige ta dama mini fura, Kawu ya ɗaga asabari ya ce in duba da ido ban da hannu. Allah ya yafe mini abin da na riƙa ce masa a zuci a hanyar komawa.

Kakanku ya iso da ayarin bazara, a rame kamar kara, yana ɗingishi. Kurkunu ne ya kwantar da shi shekara guda, jakansa sunka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya dako har ya sami abin dawowa. Sau biyu ya aiko saƙo ta jirgi da lamba kaɗai, don tsoron bakin Kawu a kan ƙulli, duka biyun sunka bi ruwa. A na uku ne ya ƙulla igiya, ya ce a zage shi dai, in kaya za su isa. Da ya durƙusa gindin tsamiya Kawu ko murmushi bai yi ba. "Ƙasa?" Ya faɗa. "Gari?" Bai san ko Aliero zai ce ba ko Maiyama. Kawu ya ce Maiyama, gidan surukarsa, akwai zagin shekara uku yana jiransa da zafinsa. Sannan ya sauko da ƙunshin ya ce ya gyara. Kakanku ya warware, ya ƙulla. Hagu. Ya sake. Hagu. A na uku har gumi ya keto masa, ya murɗa a hankali yana bismilla, jama'a na leƙe. Hagu.

Ina tsaye gefe, don tun isowar ayari anka aiko mini, sai Kawu ya turo mini ƙunshin da ƙafa. Ya ce, "Ɗauki kayanki, Kulu. Shi ma ɗauke shi. Ba mai gyaruwa ba ne."

Zane ne a ciki mai kyau, shi na yi goyon uwayenku da shi duka. Sai goro, wanda ya bushe ya zama tsakuwa. Za mu zubar Kawu ya ce a kawo, ba a zubar da abin da ya yi tafiyar ƙasa uku. Wata guda yana gwagwiyarsa, har ya bar haƙori ɗaya a ciki. Igiyar ma ya karɓe, ya ce tasa ce tun asali.

Sai da na haifi na uku na sami bakin tambayarsa abin da ya sa ya azabtar da ni wata takwas. Yana murza kaba a cinya, bai ɗago ba. Ya ce da ya ba ni, da na cinye goro na ɗaura zane, saƙo ya ƙare, uwata kuma ta sake ƙirga kwanaki. Amma muddin abin na rataye, kowa ya san akwai mai zuwa gyara. Na ce to dokar fa? Ya ce dokar ran nan ya kafa ta, a gabana.

Ya rasu wata Laraba bayan la'asar, a gindin tsamiyar, da igiya a cinya bai gama ba. Mu mata muna cikin gida, kakanku ne ya ba ni labarin sauran. Da anka gama wanka anka sa shi a likkafani, liman ya ce wa zai ɗaure. Kowa ya dubi kakanku. Ya ɗaure na kai, ya ɗaure na tsakiya, ya ɗaure na ƙafa. Wani tsohon madugu ya leƙa ya ce masa a hankali, ai hagu ka yi. Ya ce ya sani. In ya yi dama, Kawu ba zai gane wanda ya aiko shi ba. Ya ce sun ɗan dakata, ko zai tashi ya yi faɗa. Bai tashi ba.

A kabari kuwa, kun sani, kwance ƙullin ake yi duka. Kakanku ya ce da ya kwance na ƙarshe sai da hannunsa ya yi nauyi, don bai taɓa ganin Kawu ya bar kaya sun tafi babu shaida ba. Ni na ce masa ya bar damuwa. Inda za shi ba a tambayar ƙasa, ba a tambayar gari, Mai karɓa ya san kayansa.

Ya Allah, ga Barmo nan mun aiko. Kai ka san gidansa, mu ba mu sani ba. Ka sauke shi a mai kyau, mai inuwa. In ka tarar da wani ƙulli nasa ya karkace, ka yi masa yadda ya yi wa Bahago, ka karɓe shi haka nan. Ku ce amin.